Muhawara: Kashe gobara a Tawa, daga tulu da ƙwarya zuwa jar mota

Ɗan Bilbis:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Sanyi ya sauka, iskar hunturu ta taso, kowa ya san lokacin gobara ke nan. Tambaya biyu gare ni zuwa ga manyanmu na wannan zaure. Ta farko: kafin a samu jar motar pompiye, wato ƴan kashe gobara, ƙaƙa mutanen Tawa ke yi da wuta idan ta tashi cikin gari? Ta biyu ita ce ke bakin kowa: don me motar ke zuwa ta fesa ruwa kaɗan a ce ya ƙare? Wasu har rantsuwa suke wai babu ruwa take zuwa. A yi muna bayani don Allah, ban da zagi.

Baba Na Adar:
Wa alaikumus salam ɗana. Ta farkon tawa ce, ta biyun a bar ma masu kaki.

Garin da, in ka ɗebe gidajen laka na masu hali, kara ne da zana: darni na kara, jinka ta shibci, rumfa ƙofar gida an labta mata harawa da karan dawa. Wuta in ta kama gida guda cikin hunturu, unguwa take nema. Shi ya sa mutanen da ba su ɓata ƙarfinsu ga ɗakin da ya riga ya kama. Wancan an sallama shi. Aikin shi ne a hana ta tsallakawa.

Wanda ya fara gani shi kwarma ihu, mata su amsa da kururuwa, nan da nan unguwa ta fito, kuma kowa ya san wurinshi. Majiya ƙarfi su nufi gefen da iska ke kaɗawa, su tumɓuke darni su kwantar, su sauke jinkar ɗakunan da ke gaba su ja ta nesa. Wuta ta iso ta tarar da fili, babu abin ci. Mata su juye randuna cikin tulu da ƙwarya, amma wanga ruwa ba cikin harshen wuta ake watsa shi ba, jinkar maƙwabci ake jiƙawa da shi. Ka san Adar: rijiya da zurfi, guga guda sai ka ja igiya ka gaji, wa zai yi almubazzaranci da shi? Abin da ake watsa ma wutar kanta ƙasa ce da rairayi. Tsofaffi su kwashe yara, su kwance awaki da jakkai daga turke, don dabbar da ke ɗaure ita ce ta farkon mutuwa.

Ka duba ruhewar laka ta ƙauyukanmu. Ana aza ta bisa duwatsu, a ware ta daga ɗakunan kwana, kuma hular ciyawar da ke kanta ba a ɗaure ta ɗaurin mutuwa. In wuta ta matso, sanda guda ta isa a ture hular, hatsi shi tsira cikin laka. Ba ado ba ne, dabara ce.

Sannan akwai hani. Ranar iska ba a ɗibar garwashi buɗe daga wanga gida zuwa wancan, sai cikin kasko an rufe. An gama tuwon dare a zare itace a bice shi.

Tsohon Pompiye:
Allah shi ƙara lafiya Baba. Abin da kuka faɗa na sauke jinka har yau ana koyar da shi, suna kawai ya canza: a bar wa wuta rabonta don a tsirar da saura.

Tsarin da muke da shi daga Faransa muka gaje shi. A watan Yuli na 1810 gobara ta tashi ana tsakiyar liyafa a ofishin jakadancin Ostiriya da ke Paris, Napoleon na wurin. Ya ga yadda masu kashe wutar garin suka kasa, sai a 1811 ya mai da aikin hannun soja. Sunan ma, sapar-pompiye, ya faɗi aikin. Pompiye mai jan famfo ne, domin na lokacin famfon hannu ne: mutane su jera su yi ta zuba masa ruwa da bokiti, wasu ƙarti gefe biyu suna danna sandarsa sama da ƙasa. Sapar kuma sojan haƙa da rusau ne, mai gatari da diga. Shi ya sa a Nijar ƴan kashe gobara sojoji ne, lambar kiransu 18 kamar ta Faransa, ta ƴan sanda 17. Ƴan'uwanmu na Najeriya su ce ƴan kwana-kwana, nasu kuma ba soja ba ne.

To batun ruwa, ƙanena Ɗan Bilbis, lissafi ne. Motar kashe gobara ta cikin gari tana ɗaukar kimanin lita 3,000, tano 15 ke nan na lita 200. Babban bakin tiyo yana fitar da lita 500 a minti guda, ƙarami 250. Raba ka gani. Babba guda: minti 6. Ƙarami guda: minti 12. In an buɗe babba da ƙarami tare, minti 4 tanki ya bushe. Mai kallo da ya iso a guje bayan minti 5 sai ya tarar mota na juyawa, ya koma gida ya ce babu ruwa ta zo.

Motar ba don ruwan cikinta aka ƙera ta ba, don famfon da ke bayanta ne. Ruwan tanki na fara aiki ne kafin a jona ta da inda ruwa ba ya yankewa. Inda babu wurin jonawa, minti 6 ɗin nan shi ne duka dukiyarta.

Mai Shago a Kasuwa:
Mon adjidan, da girmamawa, lissafin ya yi daɗi amma mai shagon da ke kallon jarinsa na ci da wuta ba lissafi yake so ba. In an san minti 6 ne, don me ba a sayo manyan motoci ba? Kuma don me ake daɗewa kafin a zo?

Tsohon Pompiye:
Alhaji, akwai manyan, masu lita 10,000 har sama. Amma lita guda kilo guda ce. Ƙaramar ma, da ruwanta da kayanta da mutanenta, ta haura tan 12. Babbar kuwa in ta sauka daga kwalta ta shiga rairayi, sai an nemo abin da zai ja ta. Faɗin mota mita 2 da rabi ne, tana son hanya mai mita 3 a ƙalla, sama kuma mita 3 da rabi babu waya babu rumfa. Yanzu ku faɗi gaskiya tsakaninku da Allah: layi nawa ne cikin kasuwa ranar Lahadi da ke da mita 3 babu tebur, babu buhu, babu amalanke?

In mota ta tsaya nesa sai a shimfiɗa tiyo, kowane guntu mita 20. Wuta na mita 200 daga mota, guntu 10 ke nan za a warware a jojjona, kuma ruwa na rasa ƙarfi a hanya. Tiyo mai faɗin milimita 70 yana asarar kusan rabin bar, ma'aunin ƙarfin turin ruwa, a kowace mita 100, mai milimita 45 kuwa bar 1 da rabi. Bakin tiyo yana son wajen bar 6 kafin ya yi feshin kirki. Shi ya sa ake kai ruwa kusa da babban tiyo, sai a ƙarshe a raba shi cikin ƙanana. Ga kuma mai babur da zai bi ta kan tiyon da ke cike, ya fasa shi ko ya lanƙwasa mahaɗin, a koma farko.

Jinkiri kuma, mafi yawansa tun kafin kira ne. Mutane sai sun yi minti 10 ko 15 suna fama da bokiti, sun ga ta fi ƙarfinsu, sannan wani ya tuna da 18. Kowa yana zaton wani ya kira. Wanda ya kira kuma ya ce "wuta a Wadata, ku zo maza" ya katse. Wadata ina? Ga abin da ake son ji: sunan gari, domin wayar salula na iya faɗawa wani wurin, unguwa, alamar da kowa ya sani, masallaci ko lakkwal ko gidan mai, abin da ke ci, gida ne ko shago ko mota, ko akwai mutum ciki, ko akwai butalin gaz ko esansi. Kada ka katse sai an sallame ka. Sannan a tura yaro mai babur bakin kwalta ya tarbi mota ya shige mata gaba. Masu kiran 18 don wasa kuwa, Allah shi shirye su, layin da suka riƙe wataƙila rai ne ke jiransa.

Mai Aikin Famfo:
Bari in ƙarasa wa yayana lissafin, don a nan ne gizo ke saƙa. Jan famfon gobara da ake kafawa bakin hanya, ƙa'idar da aka gada daga Faransa ita ce ya ba da lita 1,000 a minti, na tsawon awa 2. Lita 120,000 ke nan, tano 600. Da irinsa mota ta cika cikin minti 3, ko ma a jona ta kai tsaye ba sai ta motsa ba. Famfon gida kuwa, ranar da ruwa ke da ƙarfi, bai fi lita 15 a minti ba. Cika lita 3,000 da shi ya haura awa 3.

Kuma ba a dasa famfon gobara ko'ina don an ga dama. Sai bisa babban bututu mai milimita 100 ko fiye. Sababbin unguwanni yawanci ƙananan bututu ke kai masu ruwa, in ka dasa shi can ado ka yi. Inda yake kuma abu uku ke kashe shi: an gina shago ko an zuba shara bisansa, murfi ya ɓace, yara sun cusa duwatsu da rairayi, ko an yi shekaru ba a murɗa shi ba ya ci tsatsa. Maganin duka guda ne, a buɗe kowane sau biyu a shekara a bar shi ya zubar na minti ɗaya ko biyu, a shafa wa zarensa giris, a sake fenti, a rubuta inda yake.

Wani abin da ba a lura da shi: ruwan Tawa daga rijiyoyin burtsatse masu zurfin ɗaruruwan mita yake fitowa, da ƙarfin kuran, wato wutar lantarki, ake tura shi shato, babban tankin ruwan gari. In shato ya yi ƙasa a watan Afrilu ko Mayu, famfon gobara ma ƙishirwa yake ji kamar na kowa.

Ɗan Bilbis:
To kawu, ga rijiyoyi cikin gari, ga tabkin Babaye. Mota ba ta iya sha daga can?

Mai Aikin Famfo:
Tabki eh, muddin da ruwa kuma mota na iya kusantar baki ba ta kafe cikin taɓo ba. Rijiya kuwa a'a, sai in ruwanta na kusa. Duk famfon da ke zuƙo ruwa daga sama, komai girman injinsa, ba ya wuce mita 7 zuwa 8. Ba rashin ƙarfi ba ne, nauyin iska ne ke turo ruwan cikin tiyo, kuma iyakarsa ke nan. Masu lambun albasa sun san wannan, shi ya sa suke haƙa rami su saukar da injin ban-ruwa kusa da ruwa.

A tabki ma da ƙa'ida. Tiyon zuƙa mai tauri ne, a bakinsa akwai rariya. A ɗaura mata bido fanko ta yi iyo kamar rabin mita ƙarƙashin ruwa. In ta kwanta ƙasa laka da rairayi za ta sha, su cinye cikin famfo. In ta leƙo sama ta shaƙi iska, ruwa ya yanke. Roba guda ta mahaɗi in ta tsage, iska ta shiga, ko za a kwana ana ba da wuta ruwa ba zai hau ba.

Shawarata ga kasuwa: a gina kwalbatin ajiya na siminti a ƙasa, tsawo mita 8, faɗi 6, zurfi 2 da rabi. Lita 120,000 daidai. A rufe shi da dalla saboda yara da sauro, a bar baki mai makulli, makulli guda wurin mai gadi, guda wurin pompiye. Sharaɗi ɗaya: kada a sayar wa ƴan garuwa ko bido guda, ko da rani ya kai inda ya kai. Nan ne irin wannan aiki ke mutuwa.

Mai Shago a Kasuwa:
Wannan aikin meri ne. Kullum ana amsar kuɗin tikiti, sannan a ce mu gina kwalbati?

Malam Mai Tarihi:
Alhaji, kuna da gaskiya rabi. Buɗe layuka da kafa famfon gobara aikin magajin gari ne. Amma duba Yamai. Babbar kasuwa ta ƙone ƙurmus a 1982, zamanin Seyni Kountché, aka sake gina ta da siminti, aka buɗe a 1987. Gini ne mai ƙofofi da hanyoyi. Sannu a hankali tebur ya ci hanya, rumfa ta hau rumfa. Ƙaramar kasuwa ta tsakiyar Yamai ita ma ta ƙone a 2012, ga ta cikin babban birni inda motoci suka fi yawa, kogin Kwara kuma ba nisa. Ashe ba yawan mota ba ne kaɗai. Mahukunta su zana layi, ƴan kasuwa su cike shi, kowa ya ce taku guda kawai na ƙara.

Abin da nake gani a tarihin nan shi ne, da jar mota ta zo sai mutane suka ajiye aikin da Baba ya bayyana, suka koma ƴan kallo, yanzu ma da salula a hannu ana ɗaukar hoto. Alhali mota ba ta gaji mintocin farko ba, ba ta iya gadonsu. Na unguwa ne tun asali. Kuma kayan da ke cikin gidajenmu sun canza, ilimin bai bi su ba: katifar soso, leda, gaz, esansi, batir.

Mai Kuran:
Tun da an zo nan, bari in faɗi nawa, don gobarar kasuwa ta dare akasari daga waya take. Wayar milimita 1.5 ta fitila ce. Ta milimita 2.5 ita ce ta firiz, wato inda ake jona kaya. Rallonji, wato wayar ƙari mai bakunan jonawa, mai kyau iyakarsa amfiya 16, kimanin wat 3,500 a kuran 220. Abin dafa ruwa kaɗai na iya cin 2,000, dutsen guga 1,000 zuwa sama. Jona su tare da firji bisa rallonjin jika ɗaya, wanda wayarsa ba ta fi zaren ɗinki kauri ba, ka ga abin da zai faru.

Abubuwa huɗu nake so a duba. Wayar jabu: kankare ta da wuƙa, in jan ya fita fari ya bayyana, sanholo ce aka shafa wa jan ƙarfe, tana zafi da wuri. Mahaɗin da aka murɗe da hannu aka naɗe da leda: yana sakin jiki, ya riƙa tartsatsi, kuma disjonktar, makunnin da ke katse kuran da kansa in ya yi yawa, ba ya ganinsa domin kuran bai wuce kima ba, zafi ne kawai ke taruwa wuri guda. Disjonktar da ke yawan faɗuwa aka ɗaure shi ko aka tsallake shi da waya: mai gadi ne aka ɗaure wa baki. Na huɗu shi ya fi cin kasuwa: an ɗauke kuran da yamma, mai shago ya rufe ya tafi bai kashe komai ba, kuran ya dawo ƙarfe 2 na dare. A sauke disjonktar kafin a sa kwaɗo, shi ke nan, ko dala ba a kashe ba.

Masu sola kuma kada su ce ai bolti 12 ne ba ya kisa. Ba ya kama mutum, amma yana ƙona gida. Na'urar juya wuta mai wat 600 tana jan amfiya 50 daga batir, sai waya mai kauri gajera, da fis dab da kan batir. Batirin ruwa yana fitar da iska mai kamawa lokacin caji, kada a kulle shi cikin akwati.

In wuta ta tashi daga kuran, a katse daga konta tukuna. Ruwa bisa waya mai rai, mai bokitin ne zai faɗi.

Hajiya Ta Sabon Gari:
Sannunku da ƙoƙari. Ku maza kuna kasuwa, mu bari mu shiga madafa. Tun da matatar Damagaram ta fara aiki a 2011 gaz ya yawaita gidaje, butali mai kilo 6 da mai kilo 12, amma da yawa ba a koya masu komai ba sai kunnawa.

Gaz ya fi iska nauyi kusan ninki biyu. In ya tsiyaye ba sama yake tashi ba, kwanciya yake ƙasa kamar ruwa, ya bi ƙarƙashin ƙofa. Kilo guda yana zama wajen lita 400, kuma kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki ya isa ya tashi. Saboda haka in kin ji wari: kada ki taɓa makunnin fitila, ko kunnawa ko kashewa, kada ki kunna fanka. Rufe kan butali, buɗe ƙofa da taga, fitar da yara, ki yi waya daga waje. Gwajin tsiyaya da ruwan sabulu ake yi, a shafa a mahaɗi, in ya yi kumfa akwai ɓaraka. Ba da ashana ba, don Allah. Tiyon gaz akwai shekarar ƙarewarsa rubuce a jikinsa, kuma tiyon ruwa ba ya maye gurbinsa. Butali a tsaye, cikin inuwa, ba a kwantar da shi don a tatse na ƙarshe.

Man suya in ya kama cikin kasko: kashe wutar ƙasa, rufe da murfi ko tire, ki bar shi rufe har ya huce. Kofi guda na ruwa cikin man da ke ci, wuta sai ta kai rufi. Kada kuma a ɗauki kaskon a ce za a fita da shi.

Sai kaskon garwashi cikin ɗaki da sanyi, an toshe ƙofa da taga. Wannan ba ya buƙatar ƙona komai, iskar gawayi ba ta da wari, barci kawai mutum zai zarce. Da turaren wuta kusa da gidan sauro ko ƙarƙashin zane.

Tsohon Pompiye:
Hajiya kin gama magana. Ƙari biyu. In butali ya daɗe cikin wuta, kowa ya ja baya ya samu bango, kada a yi jarumta. Na biyu esansi, musamman ƴan ruwa-ruwa, masu sayar da mai a bakin hanya, da ke ajiye bido cikin gida. Esansi yana iyo bisa ruwa, ka zuba ruwa ka ba shi abin hawa ya bi kwata zuwa gidan maƙwabci. Rairayi, hoda ko kumfa ke kashe shi. Kuma tururinsa ke kamawa, ba sai wuta ta taɓa man ba. Ku tuna motar siterni da ta kife kusa da filin jirgin Yamai a watan Mayu na 2019, mutane suka taru ɗibar mai, ta tashi, sama da mutum 50 suka rasu daren nan. Allah shi jiƙansu.

Jar butalin kashe wuta kuma, mai hoda kilo 6 ita ta fi dacewa da shago. Amma a sani, feshinta bai wuce daƙiƙa 15 ba. Zare fil, gwada feshi guda gefe, tsaya kamar mita 3, iska da ƙofa a bayanka, nufi gindin wuta ba harshenta ba, ka share dama da hagu. Allurar agogonta ta zauna cikin kore. Duk wata a kifa ta a girgiza, in ba haka ba hodar ta dunƙule. A rataye ta bakin ƙofa, ba can ƙuryar shago bayan katon-katon ba. Wadda aka fesa ko sau guda, a kai a sake cika ta.

Na Abalak:
Ku na gari kuna da wanda za ku yi wa ƙorafi. A daji, ko da mota ta taso daga Tawa, sama da kilomita 130 ne kafin Abalak, sannan a bar kwalta. Wutar daji ba ta jira. Kuma abin mamaki, shekarar da damina ta yi kyau ita ce mai haɗari, don ciyawa ta yi kauri. Daga Oktoba in ta bushe, garwashin shayi guda da ba a binne ba, ko guntun taba, ya isa ya cinye abincin dabbobi na rani duka.

Abin da ke aiki shi ne hanyar tare wuta, wadda ma'aikatan gandun daji ke jagoranta wajen Abalak, Cintabaraden, Tasara da Tiliya. A share ciyawa har ƙasa, faɗin mita 15 zuwa 20, a gicciye iskar hunturu da ke fitowa daga arewa maso gabas. Kilomita guda mai faɗin mita 20 hekta 2 ce ta aiki. Kuskure biyu ake yi: a makara sai wuta ta fara, ko a tara ciyawar da aka share a bakin hanyar, ta zama gada. A kwashe ta a ɗaure, da rani kuɗi ce.

Wajen kashewa ba a tarar gabanta, ba a tsayawa bisanta a gangaren tudu, don hawa ta fi sauri. Ta gefe ake bin ta, ƙafa na cikin inda ya riga ya ƙone, ana bugu da ɗanyen reshe ko jiƙaƙƙen buhun algarara, masu shebur na bi baya suna rufe kututture da kashin shanu. Kashin shanu na riƙe wuta har gobe, iska ta taso ya sake tayar da ita.

Malama Ta Lakkwal:
Kawu Na Abalak ka tuna min da zana. A watan Afrilu na 2021 azuzuwan zana suka kama a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara aƙalla 20 suka rasu. A Nuwamba na shekarar, Maraɗi, aƙalla 25. Ajin zana minti kaɗan ne ya zube, babu motar da za ta riske shi. Inda dole sai an yi shi: ƙofa biyu, gaba da baya, a bar tazara mai yawa tsakanin aji da aji maimakon a jera su bango guda, masu tuya da murhunsu su yi nesa, ƙananan yara su samu ajin gini manya su ɗauki na zana. A koya wa yara fita cikin layi da inda za a taru a ƙirga su da rajista. In riga ta kama, kada a gudu, a faɗi a yi birgima. Ƙuna kuma ruwa mai tsabta, ba ƙanƙara ba, minti 15 zuwa 20, a cire zobe da awarwaro kafin kumburi, sai likita. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja.

Baba Na Adar:
Ɗiyata, tazarar nan da kika ce ita ce dai ta ruhewa. Masu rudun albasa wajen Galmi su ma su ji, a daina jera su kai da kai. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa.

Ɗan Bilbis:
Na gode iyayena. To me zai hana kowace fada ta samari ta zama ƙungiyar sa-kai? Muna zaune bakin hanya har tsakar dare, mu ne farkon gani.

Tsohon Pompiye:
Tunani mai kyau, amma da iyaka, don sa-kai marar horo yakan ƙara yawan waɗanda za a ɗauka. Hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, katifar soso in tana ci shaƙa kaɗan ta isa ta kayar da ƙato, kuma tsumma jiƙaƙƙe a hanci ba ya tace gubar. Saboda haka ba shiga ɗaki. Aikinku na waje ne, ku raba shi tun yau: mai kiran 18, mai tarbo mota, mai sauke kuran, masu janye zana da harawa daga gefen da iska ke kaɗawa, masu korar ƴan kallo da babura daga hanya. Kaya kuma tano 2 cike da ruwa a rufe, tano guda na rairayi, bokiti 10, shebur 2, dogon ƙugiya na jan zana, tocila, da butalin hoda 2. Ku je bariki ta hannun mai unguwa ku nemi a nuna maku yadda ake riƙe ta. Ranar 1 ga Maris, ranar kare farar hula ta duniya, lokaci ne mai kyau na neman haka.

Mai Shago a Kasuwa:
Ni dai har yanzu ina nan kan bakana, famfon gobara aikin meri ne. Amma layinmu shago 14 ne, in kowa ya kawo jika biyu tano da rairayi da bokiti sun samu. Mai Kuran, ranar Litinin kasuwa ba cika, ka shigo da abin awonka ka fara daga shagon tela na bakin layi, shi ke da dutsen guga biyu.

Mai Kuran:
In sha Allah bayan azahar. A gaya wa kowa ya kawar da kaya daga gaban konta kafin in zo.